AMSOSHIN WASIƘUNKU: Wa Ke Zaɓa wa Masu Ganga da Begila na Amurka Kiɗansu?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a ƙasar Gumel, manomi, wanda kuma yakan taɓa saye da sayarwa a kasuwar Maigatari. Ya ce ɗansa ya nuna masa wani hoton bidiyo a wayar hannu, inda ya ga samari da 'yan mata fiye da ɗari a cikin wani ƙaton fili, wasu na busa, wasu na kaɗa ganga, wasu na wulwula tutoci, kuma duk a guje suke yi ba mai karo da wani. Yana tambaya, shin sojoji ne? Wa ke zaɓa musu kiɗan da suke yi, kuma me ya sa sai ka ga kamar wani labari suke bayarwa? Ya ƙara da cewa shi yaron yana cikin 'yan badujalar makarantarsu, ko akwai abin da za su koya a ciki?

To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Da farko dai, waɗannan da ka gani ba sojoji ba ne. Matasa ne, yawancinsu ɗaliban sakandare da na jami'a, kuma a babbar gasarsu da zarar mutum ya kai wajen shekara 22 to ya yi sallama da filin. Amma ba ka yi kuskure ba da ka ga kamar soja, domin daga soja abin ya samo asali. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka gama a 1918, tsofaffin sojojin Amurka sun kafa ƙungiyoyinsu, babba daga ciki ita ce American Legion da aka kafa a 1919, ga kuma wata da ta riga ta kafuwa, mai suna VFW, ta waɗanda suka yi yaƙi a ƙasashen waje. Su ne suka riƙa tara yaran unguwa suna ba su ganga da begila don fareti. Coci-coci da 'yan sikawut su ma suka shiga. Daga fareti a kan titi aka koma gasa a cikin filin ƙwallon Amurka, wanda tsawon wurin wasansa yadi 100 ne, faɗinsa kuma yadi 53 da ɗan ɗori.

Kafin mu zo kan zaɓen kiɗa, sai ka fara sanin kayan da ke hannunsu, domin makaɗi ba ya wuce abin da gangarsa za ta iya faɗa. Begila ta asali, irin wadda ka sani a barikin soja da na 'yan sanda, ba ta da maɓalli ko ɗaya. Da leɓe kawai ake sarrafa ta, kuma murya kamar biyar take bayarwa. Da murya biyar za ka tashi soja daga barci, za ka kira shi cin abinci, amma ba za ka busa doguwar waƙa mai hawa da sauka ba. Shi ya sa suka riƙa ƙara wa begilar maɓallai da ake dannawa da yatsa, sannu a hankali, kuma kowane ƙari sai an sha gardama. An yarda da maɓalli uku a 1990. A shekarar 2000 kuma aka ce kowa ya busa irin ƙahonin tagulla da sauran mabusan duniya ke amfani da su. Saboda haka a yau sunan begila kawai ya rage. Abin da dai har yanzu ba a jera shi cikin mabusa shi ne dangin sarewa da dangin algaita. Kusan rabin jama'ar filin mabusa ne. Sauran su ne masu ganga a rataye, da masu tuta da bindigar katako da takobi, sa'an nan wasu a tsaye a bakin fili suna buga wasu katakai da ƙarafa da aka jera, kowane da muryarsa. A dā adadinsu ba ya wuce 128, aka kai shi 150 a 2008, sa'an nan 165 a 2022.

A zamanin da tsofaffin sojoji ke riƙe da gasar, ba a wahala wajen zaɓen kiɗa, domin an riga an shata hanya. Za a shigo daga gefe guda da kiɗan maci mai ƙarfi, a girmama tutar ƙasa da wani kiɗan kishin ƙasa, a tsaya cik a tsakiyar fili a busa wata waƙa da jama'a suka sani, a bar wa masu ganga fili su nuna gwaninta, sa'an nan a fita ta ɗaya gefen. Waƙar farko ba ruwanta da ta biyu. Alƙalai kuwa suna bin su da takarda a hannu, duk wanda ƙafarsa ta saɓa ko busarsa ta karye sai a zabge wa ƙungiya maki. Ka ga ke nan mai wayo ba zai ɗauko kiɗa mai wuya ba, tun da kuskure ake ƙirgawa.

A 1971 wasu ƙungiyoyi suka fara gajiya da wannan. Madison Scouts suka shigo da wata sananniyar tatsuniyar Turawa ta yarinya mai suna Alis, su kuma Cavaliers suka kawo 'yan tsalle-tsalle da 'yan barkwanci cikin fili. Dattawan ba su ji daɗi ba, suka ce an mai da fareti wasan yara. Ga kuma tsohuwar rigima a kan kuɗin ƙofa da dokokin gasa. Sai ƙungiyoyi 13 suka ware suka kafa tasu hukumar, wadda ake kira DCI a taƙaice, suka yi gasarsu ta farko a 1972 a garin Whitewater na jihar Wiskonsin. Daga 1984 aka daina ƙirga kuskure ɗaya-ɗaya, aka koma duba wuyar abin da aka ɗauko da kuma yadda aka iya shi. Ai kun sani, idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Daga nan ne aka shiga gina wasa dungurungum a kan abu guda, abin da malaman Hausa a makaranta ke kira jigo, watau maganar da wasan duka ya dosa tun daga farko har ƙarshe.

Yanzu ga amsar tambayarka ta biyu. Yaran ba su ne ke zaɓa ba. Kowace ƙungiya tana da 'yan kwamitinta na manya: mai kula da jigo, mai tsara wa mabusa, mai tsara wa maganga, mai zana inda kowa zai taka, da mai tsara rawar masu tuta da tufafinsu. Ana gama gasa a watan Agusta, lokacin da ku kuke tsakiyar marka, kuma kafin ku gama girbi su sun riga sun zauna a kan wasan baɗi. A watan Nuwamba a fara tantance yara, a watan Mayu a killace su wuri guda ana atisaye daga safe har dare, sa'an nan daga ƙarshen Yuni a shiga motoci ana bin garuruwa ana karawa, ana kwana a ƙasa a zaurukan makarantu. Duk wannan wahala saboda wasan da bai fi minti 11 zuwa 12 ba. Wasa ɗaya tak ake yi duk shekara. Idan kwamiti ya zaɓi abin da bai karɓu ba, to haka yaran za su yi ta jan sa har Agusta, sai dai gyare-gyare. Kamar manomi ne da ya shuka iri marar kyau: ba a sanin ɓarnar sai lokacin da sake shuka ya wuce.

Wasu kan fara da labari su nemo kiɗan da ya dace da shi, wasu kuma su fara da kiɗa sa'an nan labari ya biyo baya. Ko ta ina aka fara, akwai abubuwan da dole a duba. Na ɗaya, maki ɗari ne: 40 na yadda wasan ya ratsa mai kallo, 30 na iya kiɗa da busa, 30 na iya taku da aikin masu tuta. To, kiɗan da ba ya ba da damar a nuna ƙarfi a wani wuri, a nuna taushi a wani wuri, ba zai kawo maki ba ko da daɗinsa ya kai zuma. Shi ya sa har yau akasarin wasanni ke buɗewa da tsawa, su sauko su yi wani sassanyan sashe inda mabusa ke jan numfashi, a bai wa ganguna nasu rabo, a rufe da gudu. Maci na soja taku 120 ne a minti ɗaya. Waɗannan yara sukan kai 180, har su wuce, suna busa, wani lokaci ma da baya suke tafiya. Wanda ya taɓa gudu da buhu a kafaɗa ya gwada yin waƙa a lokacin, zai gane abin da nake nufi. Mai tsara kiɗa dole ya san inda zai bar musu gurbin numfashi.

Na biyu, yawancin kiɗan da suke ɗaukowa ba don fili aka yi shi ba. Wani an tsara shi ne don masu goge irin na Turawa su hamsin a cikin zaure, kuma yakan ɗauki minti 40. Sai an yanke shi an mai da shi minti uku ko huɗu, an raba wa ƙahoni aikin goge. Na uku, kiɗa yana da mai shi. Idan mai shi yana raye, ko bai daɗe da mutuwa ba, sai an nemi izini an biya, kuma yana da ikon ya ce a'a. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake yawan komawa ga kiɗan mutanen dā, ko kuma a sa wani ya ƙirƙiro sabo fil. Cavaliers sun yi haka a 2002, suka ci gasa da maki 99.15 da kiɗan da ba wanda ya taɓa jin sa kafin shekarar.

Sai abu na huɗu, wanda ku za ku fi kowa ganewa. A wurinmu kowace sana'a da kiɗanta: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta 'yan gayya, kuma ko daga nesa ka jiyo ka san na wane ne. To su ma kowace ƙungiya da irin nata. Blue Devils na garin Concord a Kalifoniya, waɗanda suka fi kowa cin gasar, an san su da kiɗan jaz, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro. Kada sunan ya tsorata ka, Malam, suna ne kawai irin na kulob ɗin ƙwallo. Madison Scouts an san su da kiɗan Sifen da na Latin Amurka mai zafi. Troopers na jihar Wayomin tufafin sojan doki na dā suka gada, kiɗansu kuma na makiyayan shanun yammacin Amurka ne. Phantom Regiment na garin Rockford a jihar Ilinoyi su kuma tsohon kiɗan Turai suka riƙe. Duk ƙungiyar da ta bar nata ta ɗauki na wani, magoya bayanta ne za su fara yi mata ca.

Bari in ba ka misalin jigon da ya zauna daram. A 1987 Garfield Cadets sun ɗauki kiɗa guda na wani Ba'amurke mai suna Aaron Copland, wanda ya tsara a 1944 a kan wani saurayi manomi da amaryarsa da sabon gidansu na gona. Ba yaƙi, ba tsawa mai yawa, sai natsuwa da murna, kuma da shi suka ci gasar shekarar. Amma wanda aka fi tunawa shi ne na Phantom Regiment a 2008. Sun ɗauki labarin Sifatakus, wani bawa da Rumawa ke sa wa yana faɗa da 'yan'uwansa bayi har mutuwa don 'yan kallo su ji daɗi, wanda ya ja bayi suka yi tawaye shekara 73 kafin haihuwar Annabi Isa. Ƙashin bayan kiɗan na wani mutumin Armeniya ne, Khachaturian. Aka mai da mabusa sojojin Rum, masu tuta suka zama bayi, ana jan su ana tunkuɗa su tun kafin a busa ƙaho na farko. Mai kallo ko bai san tarihin Rum ba ya san wane ne azzalumi, wane ne abin tausayi. A zagayen farko na makon ƙarshe sun zo na uku, kashegari na biyu, daren ƙarshe kuma suka ɗaga kofi da maki 98.125, Blue Devils na biye da 98.100. Ka dubi tazarar, ko ƙwayar gero ta fi ta kauri. A ganina abin da ya ba su shi ne labarin ya shiga zuciyar jama'a, kuma ihun jama'a, ko alƙali ya ce bai ji ba, ya ji.

Ga kuma misalin da ya raba kan mutane. A 1993 Star of Indiana, waɗanda suka ci gasa a 1991, sun zo da kiɗan Samuel Barber a kan Mediya, wata mata a tatsuniyar Girkawa da ta kashe 'ya'yanta don ta rama cin amanar da mijinta ya yi mata, suka haɗa da kiɗan wani mutumin Hangare mai suna Bartok. Kiɗa ne mai ɗaci, babu inda za ka bi shi da baki, wani wuri ma shiru ake yi ana motsa jiki kawai. 'Yan kallo da yawa suka ƙi shi, har da masu yi musu ihun tsiya. Alƙalai kuwa suka ba su 97.3, na ɗaya ya fi su da 0.1 kacal. Daga wannan shekara ƙungiyar ta bar gasa ta koma yin wasa a zaure. Abin mamaki, yau masu tsara wasanni suna lissafa wannan wasa cikin waɗanda suka fi koya musu aiki. Tambayar da ya tayar kuwa har yanzu ba a kashe ta ba: wa ake yi wa kiɗan, alƙali mai takarda, ko wanda ya biya kuɗin ƙofa?

Daga baya sai lantarki ya shigo. A 2004 aka yarda a sa makirfo da lasifika, a 2009 aka yarda da kayan kiɗa na lantarki. Jigo ya ƙara faɗi, domin yanzu ana iya sa murya tana ba da labari, ko ƙarar iska, ko ta inji. Carolina Crown sun ci a 2013 da wasan da aka gina a kan lissafin masanin nan Einstein. Bluecoats na garin Canton a jihar Ohayo sun ci a 2016, bayan sun ajiye hula da kaki irin na soja sun sa tufafi masu kama jiki, suna hawa suna zamewa a kan wasu karkatattun dakali da suka jawo cikin fili. Sauran suka bi sahu, har ta kai kowace shekara sai an ɗinka sababbin tufafi daidai da jigo. Tsofaffin 'yan wasa da yawa suna cewa wannan ya tashi daga ganga da begila ya koma wasan kwaikwayo. Ni dai ina ganin suna da gaskiya a wuri ɗaya: idan sai an raba wa mutum takarda ya karanta kafin ya gane abin da ake yi a fili, to jigon ya fi ƙarfin kiɗan.

Kuma abin yana cin kuɗi. Ka tambaya ko sojoji ne, to ko albashi ba su da shi, su ne ma ke biya, kowane yaro dala dubbai a shekara, don mota da abinci da malamai da kaya. Santa Clara Vanguard, ɗaya daga cikin manya, ba su fito ba a 2023 saboda rashin kuɗi, sai a 2024 suka dawo. Cadets ɗin nan da na ambata, waɗanda aka kafa tun 1934 kuma suka ci gasa sau 10, sun rushe a 2024 bayan matsalar kuɗi da ta shari'a. Saboda haka kwamitin da ke mafarkin jigo mai buƙatar tirela guda ta katakai da lasifikoki, sai ya fara leƙa aljihun iyayen yara. Tun 2009 a birnin Indiyanafolis ake yin gasar ƙarshe, ƙungiyoyi 12 ke kaiwa daren Asabar, in ban da 2020 da 2021 da annobar korona ta hana. Akwai masu irin wannan wasa a Kanada da Japan da Ingila da Holan, amma cibiyar dai Amurka ce.

Saura maganar yaronka. Ganga da begilar da 'yan makaranta ke fita da su ranar 27 ga Mayu da ranar 1 ga Oktoba daga sojan Ingila muka gaje su, su kuma na Amurka daga nasu sojan, watau dangi ne na nesa. Amma kada malaminsu ya ce zai kwaikwayi abin da ke cikin wayar nan. Begilarsu ba ta da maɓalli, murya biyar ɗin nan ita ce iyakarta, duk waƙar da ta fita daga cikinsu ba za ta busu ba, kome ƙoƙarin yaro. Abin da za su iya ɗauka ba ya buƙatar ko kwabo. Su zaɓi magana guda, alal misali aikin gona daga shuka zuwa girbi, su raba mintocinsu gida uku, ganguna su fara a hankali kamar saukar ruwan farko, su hau kamar yadda mai gangar noma ke zuga 'yan gayya, begila ta shigo a inda ake son a ɗaga murya. Layukan yara su riƙa sauya siffa daidai lokacin da kiɗa ya sauya. Su na Amurka taku takwas suke yi a kowane yadi biyar, shi ya sa kowa ya san inda ƙafarsa za ta sauka. A filin makaranta, igiya da toka sun isa a ja waɗannan layuka.